Amsoshin Wasiƙunku: Ta Ina Mai Son Koyon Gina Shafin Intanet Zai Fara?

  A wannan mako wasiƙu sun taru ƙwarai, amma uku daga cikinsu zancensu ɗaya ne, shi ya sa muka ware su muka ce yau da su za mu yi. Waɗanda suka rubuto a kan batun taki da na fansho su yi mana haƙuri, ba mu manta da su ba, suna nan a ajiye.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga Masama, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, daga wani saurayi da ya roƙe mu mu sakaya sunansa, saboda, in ji shi, mahaifinsa ba ya rabuwa da rediyo. To mun sakaya, ko da yake ina jin in Baba yana saurare, kafin mu kai rabi zai gane ɗansa. Ga abin da yake cewa:

"Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni na gama sakandare shekara 2 ke nan, ban samu wucewa gaba ba. Ina son in koyi aikin gina shafin intanet, amma ban san ta inda ake kamawa ba. Duk sadda na shiga YouTube sai wannan ya ce a fara da kaza, wancan ya ce a'a, kaza ya daina yayi, har kaina ya ɗaure. Kwamfuta ba ni da ita, sai waya. Yanzu akwai wani da muka haɗu a Facebook, ya ce in biya shi N80,000 ya koya mini cikin wata 3 in fara karɓar dala. Kuɗin ina da su, na albasar bara ne da na noma da hannuna, amma Baba ya ce in zuba su a iri da man injin ban-ruwa. Don Allah Malam mi ya kamata in yi?"

To ƙanena, mun gode da wannan wasiƙa. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kada lokaci ya ƙure ban faɗa ba: kada ka tura wa mutumin nan ko sisin kwabo. Ban san shi ba, ba kuma zan rantse cewa macuci ne ba, amma duk abin da za a koya wa mai farawa a wata 3 na farko, akwai shi kyauta, a tsare, daga hannun waɗanda suka fi shi sani. Kuma duk wanda ya haɗa maka wata 3 da dala a magana ɗaya, to ba karatu yake tallatawa ba, kwaɗayinka yake wa tarko. Malamin kirki abin da za ka iya yake faɗa maka, ba abin da za ka samu ba. Ka tambaye shi ya nuna maka shafi 3 da shi ya gina da hannunsa, da ɗalibi ɗaya nasa da za ka iya zuwa ka gani ido da ido, sai ka ji yadda zancen zai sauya.

Ni kaina, kamar yadda masu saurarenmu na kullum suka sani, malamin makaranta ne kafin in zo gidan rediyo, takardar NCE gare ni. Na taɓa koyar da darasin kwamfuta a wata firamare inda babu kwamfutar ko ɗaya, da alli nake zana ta a allo, in ce yara wannan shi ne kibod, su amsa da ƙarfi su ce kibod. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Shi ya sa da wasiƙarka ta zo ban tsaya ga tambayar masana kawai ba, sai da na zauna da wayata na gwada abin da zan faɗa maka, don kada in sake zana wa wani kwamfuta da alli.

Da farko dai mu san mene ne abin. Shi shafin intanet ba wani tsafi ba ne, rubutu ne. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee shi ya fito da tsarin a 1989, lokacin yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba a ƙasar Suwizalan, kuma shafi na farko ya fito fili a 1991, wato shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Kebbi. A 1993 cibiyar ta saki wannan fasaha ga duniya ba tare da neman ko kwabo ba. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa har gobe iliminta yake a buɗe.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su yi shafi. Na farko HTML, na biyu CSS, na uku JavaScript. Ka ɗauki babbar riga. Akwai mai yanka yadi ya haɗa, ya fitar da wuya da aljihu da hannuwa, wannan shi ne HTML: shi ke cewa nan kanun magana ne, nan sakin layi, nan hoto, nan kuma mahaɗi zuwa wani shafi. Sai mai aikin wuya ya zo ya zuba aska biyu ko aska takwas, ya zaɓi launin zare, wannan shi ne CSS, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa ta farko a 1996: launi, girman rubutu, da yadda shafi zai zauna daidai a waya ya kuma zauna daidai a kwamfuta. Amma riga komai kyanta in an rataye ta ba ta motsi sai mutum ya shiga ciki. JavaScript shi ne mutumin. Shi ke sa in ka latsa abu ya amsa, in ka cika fom ka bar gurbi ya ce maka koma ka cika. Wani mai suna Brendan Eich ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1995. Za ka kuma ji ana cewa Java. Wannan wani harshe ne daban, dangantakarsa da JavaScript kamar ta Gwandu ce da gwanda, farkon suna kawai.

A jere za ka bi su, kamar yadda na lissafa. Duk sauran sunayen da suke ɗaure maka kai, su React, su PHP, su Python, su MySQL, ka ajiye su gefe tukuna. Ba ƙarya ba ne, suna da amfani, PHP da Python da ire-irensu su ke aiki a can bayan fage inda ake adana bayanai, alal misali lokacin da ɗalibi ya sa lambarsa shafin NECO ya fito masa da sakamakonsa. Amma wanda bai iya babbaƙu ba, ba a ba shi farfaru.

Yanzu ga ainihin tambayarka, a ina za a koya. A nan ina so in ɗan daɗe, domin matsalarka ba rashin malamai ba ce, yawansu ne. Kai ɗan ƙasar Gwandu ne, ka san yadda ake karatun zaure. Ɗalibi ba ya ɗaukar Ahalari da safe, Iziyya da rana, Risala da dare wajen malamai uku. Littafi ɗaya yake kamawa a gaban malami ɗaya, sai ya sauke sannan ya ɗauki na gaba. Malam Abdullahi na Gwandu ma, fiye da shekara 200 da suka wuce, littafi guda ya rubuta mai suna Ida'un Nusukh inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga hannunsu. Wato tun can an san cewa sanin inda za ka ɗebi ilimi, shi ma ilimi ne. Abin da YouTube ya yi maka shi ne ya tara maka malamai dubu a zaure ɗaya, kowa yana magana lokaci guda.

Saboda haka ga shawarata. Ka kama freeCodeCamp a matsayin littafinka. Wani Ba'amurke mai suna Quincy Larson, wanda shi ma harkar makaranta ya yi kafin ya koyi wannan aiki da girmansa, shi ya kafa shi a 2014, kuma ba na kasuwanci ba ne, kyauta ne tun daga darasi har takardar shaidar kammalawa. Dalilina na zaɓar maka shi ba wai don ya fi kowa ba ne. Dalili na farko, a jere yake, ba sai ka tsaya tunanin me ke biye ba. Na biyu, ba kallo ake yi ba, rubutawa ake yi: a ba ka ɗan bayani, a ce rubuta kaza, in ka yi daidai a wuce da kai, in ka kuskure a tsayar da kai. Na uku, galibinsa rubutu ne, kuma rubutu ba ya cin data kamar bidiyo. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, tun da a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100.

Bayan littafi, ɗalibi yana bukatar ƙamus. Ƙamus ɗinka biyu ne. Akwai W3Schools, wanda ake gudanarwa daga ƙasar Norway tun 1998. Turancinsa mai sauƙi ne, misalansa gajeru, kuma kusan kowane misali akwai wurin da za ka latsa ka sauya shi ka ga abin da zai faru. Sai kuma MDN, na mutanen Mozilla masu manhajar Firefox, wanda aka fara a 2005. Shi ya fi zurfi da inganci, har ƙwararru shi suke dubawa, amma da farko zai yi maka nauyi. Ba a karanta ƙamus daga bango zuwa bango. In ka maƙale a kan abu, ka je ka duba shi, ka dawo kan littafinka.

Akwai wasu guda biyu da za ka ji ana yabo, kuma sun cancanci yabon, amma ba yanzu ba. The Odin Project kyauta ne, mai kyau ne ƙwarai, sai dai yana bukatar kwamfuta sosai. CS50 na jami'ar Harvard, wanda Farfesa David Malan ke koyarwa, shi ma ana bin sa kyauta, amma laccocinsa dogayen bidiyo ne kuma aikin gidansa yana da tauri. Ka riƙe sunayensu don gaba.

Shi kuwa YouTube ban ce ka ƙaurace masa ba. Ka mai da shi kamar gishiri. In wani abu ɗaya ya ƙi shiga kanka, nemi bidiyonsa shi kaɗai, ka rage ingancin hoton don ya rage cin data, in da hali ka sauke shi da datar dare ka kalla da rana. Akwai ma 'yan'uwanmu Hausawa da suke bayanin HTML da Hausa a can, in ka rubuta HTML da Hausa a wurin nema za ka same su. Sai dai ka duba shekarar da aka ɗora bidiyo, ka kuma tabbata duk abin da mai bidiyon ya rubuta kai ma ka rubuta da hannunka. Na ga yara da yawa da suka kalli bidiyo ɗari, in ka ce su buɗe fili fari su rubuta layi biyar sai su yi tsuru-tsuru. Kallon mai iyo ba ya hana nitsewa.

To batun rashin kwamfuta fa? Gaskiya ita ce waya za ta kai ka nesa fiye da yadda kake zato, amma ba za ta kai ka ƙarshe ba. HTML da CSS da farkon JavaScript duk ana iya yin su a wayar Android. Akwai manhajojin rubutu irin su Acode da Spck Editor a Play Store, ka sauke ɗaya. Da zarar ka sauke, rubutu da dubawa ba sa bukatar data. Ka buɗe sabon fayil ka sa masa suna index.html. Tun da wannan amsa za ta fito a jarida, bari in faɗi abin da za ka rubuta yadda za ka gani da idonka. Layi na farko: <h1>Barka da zuwa Masama</h1>. Layi na biyu: <p>Muna da albasa da gero da shinkafa.</p> Ka adana, ka latsa wurin dubawa. Za ka ga na farko ya fito da manyan baƙaƙe, na biyu da ƙanana. Shi ke nan, ka rubuta shafin intanet. Ni ranar da na ga nawa ya fito, sai da na kira uwargida ta zo ta gani, ta ce to yanzu wannan za a ci? Allah ya bar mu da iyayen gida.

Abin da zai dame ka shi ne danna alamomi da babban yatsa, yana da gajiyarwa. Maganinsa ɗan kibod na kwamfuta da wata 'yar igiya da ake kira OTG, wadda ke haɗa shi da waya. Masu sayar da kayan waya a Birnin Kebbi ko Jega sun san ta. Ka je da wayarka a gwada a gabanka kafin ka biya, don ba kowace waya ke karɓa ba. In dai za ka taɓa kuɗin albasar nan, to a nan za ka taɓa kaɗan, da kuma abin cajin sola ko fawa-banki, saboda wutar lantarki kowa ya san halinta.

Sauran kuɗin kuwa, ni ina bayan Baba. Ka zuba su a gona. Ba don karatun ba shi da muhimmanci ba, a'a, don nan da wata 6 ko 8, in ka dage, za ka kai inda dole sai da laftof, ko da ta hannu ce. A lokacin, albasar bana ce za ta saya maka ita, kuma a lokacin ka riga ka san ko abin nan da gaske kake son sa ko kuwa zuga ce. Da yawa sun sayi kwamfuta tun ranar farko, ta ƙare a kallon fim. Awa ɗaya ko biyu kullum, bayan an dawo daga fadama, ta fi awa goma ranar Juma'a kaɗai.

Baba kuma, in kana saurare, ranka ya daɗe, ga roƙona. Yaron nan da ya yi niyyar ɓarna da bai tsaya neman shawara ba. In ka gan shi da dare ya duƙufa a kan waya, kafin ka yi faɗa ka ce ya nuna maka abin da ya gina. In ya nuna maka shafi, ka sa masa albarka. In kuwa ya kasa nunawa har wata 2, to faɗanka ya halatta, ni ma zan taya ka.

Kada kuma ka yi karatun nan kai kaɗai, ƙanena. Ba ka yi nisa da masu sani ba kamar yadda kake zato. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 wadda mazauninta na dindindin yake a ƙasar Kalgo, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Duk ana karatun kwamfuta a waɗannan wurare, kuma da wuya a ce duk faɗin Gwandu babu ɗalibi ko ɗaya da ke can wanda yake dawowa hutu. Nemi ɗaya, ka gaishe shi, ka nuna masa aikinka. Abin da zai ɗaure maka kai kwana 3, shi da kallo ɗaya zai ce maka ai ka manta ka rufe alama ce a layi na bakwai. Har ila yau, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wani shiri a 2023 mai suna 3MTT, ƙarƙashin ma'aikatar sadarwa ta minista Bosun Tijani tare da hukumar NITDA, da nufin horar da matasa miliyan 3, inda aka fara da mutum 30,000 a kashin farko. Ba a biyan kuɗin shiga. Ka riƙa kasa kunne ga sanarwar hukuma, kuma duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka, ka san ka haɗu da ƙanin mutumin Facebook ɗin nan.

Za ka tambaye ni batun ChatGPT da 'yan'uwansa, waɗanda suka cika duniya tun ƙarshen 2022. Ka yi amfani da su, amma a matsayin mai bita, ba mai yi maka jinga ba. In ka rubuta abu ya ƙi aiki, ka yi ta fama da shi tukuna, in ya gagara ka liƙa masa ka ce ya nuna maka inda kuskuren yake da dalilinsa. Yana ma iya yi maka bayani da Hausa, ko da yake Hausar takan yi ɗingishi, kuma yakan faɗi kuskure da cikakkiyar murya kamar mai gaskiya. In kuwa ka ce ya rubuta maka duka ka kwafa, to ka zama ɗalibin da ya yi satar amsa, ranar da mai aiki ya ce gyara mini nan, a nan asiri zai tonu.

Wannan ya kawo ni ga zancen dala, kuma ba zan ɓoye maka ba. Waɗannan na'urori sun sa ƙananan ayyukan da a da ake ba masu farawa sun yi araha, masu nema kuma sun yi yawa, daga Indiya har Legas. Ana samu, ba a ce ba a samu ba. Wasu matasa biyu 'yan Nijeriya, Shola Akinlade da Ezra Olubi, sun kafa Paystack a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. Amma su sun yi karatun kwamfuta a jami'a, sun kuma shafe shekaru suna aiki kafin nan. Kai abin da ke gabanka shi ne na kusa: makarantar kuɗi da ke son iyaye su duba sakamakon yara, ƙungiyar manoma da ke son jerin sunayen 'ya'yanta da abin da kowa ya zuba, dillalin albasa da ke son mai saye a Legas ko Anaca ya ga kayansa. Da yawansu za su ce maka WhatsApp ya ishe su, kuma wasu gaskiya suka faɗa. Aikinka na farko ma wataƙila kyauta za ka yi shi. In ka gama, ka ɗora shi a GitHub, suna da wani tsari da ake kira GitHub Pages inda ake ɗora ƙaramin shafi kyauta kowa ya gani a duniya. Shafi 3 masu aiki da za ka iya nunawa sun fi takardar shaida 10.

Sai gargaɗi ɗaya. Da zarar an san ka iya, wani zai zo ya ce ka gina masa shafi mai kama da na banki ko na rabon tallafi, ya ce ai wasa ne. Ba wasa ba ne, akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, kuma wanda ya gina yana cikin laifin tare da wanda ya karɓi kuɗin.

Wasiƙa ta biyu daga Kalgo take, daga wata baiwar Allah, matar aure mai 'ya'ya 2, wadda ta ce ita ma tana sha'awa, amma Turancinta ba shi da ƙarfi, lissafi kuma tun a makaranta ba sa shiri, shin za ta iya? Ƙanwata, za ki iya. Lissafin da ake bukata a farkon nan bai kai wanda kike yi in kina raba kuɗin adashi ba. Turanci kam ba zan yaudare ki ba, ana bukatarsa, domin kalmomin umarnin da Turanci suke, manyan wuraren koyon ma haka. Amma kalmomin ba su da yawa, kuma su ne dai suke ta maimaituwa. Ki samu ɗan littafin rubutu, duk kalmar da kika ci karo da ita ki rubuta ta da ma'anarta da Hausa yadda ke kika gane. Manhajar Chrome tana iya juya shafi zuwa Hausa, ki yi amfani da ita don gane bayani, amma ki kula kada ki kwafi umarnin da aka fassara, shi a yadda yake ake rubuta shi. Sa'annan wannan sana'a ce da ake yi daga cikin ɗaki, ki yi shawara da maigida, ki fara da W3Schools tun da shi ya fi sauƙin harshe, in kin ɗan saba sai ki koma freeCodeCamp.

Ta uku kuma gajera ce, daga wani abokin aikina malamin firamare a cikin garin Gwandu. Ya ce ya riga ya fara, amma duk sadda ya rubuta ƙasa ko ɗaki ko ɓera, sai baƙaƙen masu lanƙwasa su rikiɗe su koma wasu alamomi marasa kan gado. Malam, wannan ciwo ne mai saukin magani. A can saman fayil ɗinka, cikin sashen da ake kira head, ka sa wannan layi: <meta charset="utf-8">, ka kuma tabbata da wannan tsari na UTF-8 ka adana fayil ɗin. Yana da kyau kuma a alamar html ta farko ka ƙara lang="ha", wato kana shaida wa na'ura cewa shafin nan da Hausa yake. In bayan haka harafin ya fito kamar ɗan akwati, to laifin salon rubutun da ka zaɓa ne, ba shi da harafin, sai ka sauya wani. Ka kuma tambaya ko ana iya yin shafi da ajami. Ana iyawa, sai ka ƙara dir="rtl" don rubutu ya taso daga dama. Ka gwada, in ya yi ka aiko mana mu gani, ina da wasu dattawa a Gwandu da na san za su so a nuna musu.

To jama'a, mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, alamar lokaci ya cimma mana. Saurayinmu na Masama, ina jiran wasiƙarka nan da wata 2, ka gaya mini darasi na nawa ka kai da kuma yadda albasa ta yi. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki wasiƙun taki.